Awa Ɗari Biyu da Hamsin da Bakwai

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, na tafka wata ɓarna da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Abin da ya tono mini ita, jiya wani ɗalibi ya turo mini kod ɗinsa, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura, ya ce in duba masa. Idona na faɗawa kan wani layi guda, sai na gan ni tsaye a tsakar gidanmu a Muchia, cikin Sabon Gari, baki buɗe, mahaifiyata tana fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. To bari in ba ku labarin. Wanda ya ga dama ya yi mini dariya, ba zan ji haushi ba, ni na jawo wa kaina.

Mahaifiyata tela ce, a gida take ɗinki, ni ne kuma autanta. Tun da na buɗe ido na tarar da wasu kaji a gidanmu, shazumama, masu gashin nan a murɗe kamar an tashe su daga barci ba su kimtsa ba. Gaskiya ba kyau gare su ba. Amma a dangin su Mama, in 'ya za ta tafi gidan miji, uwarta takan ba ta kaza da zakara daga cikin nata, ta je ta ci gaba da kiwon irin. Da kwandon kaji a cinya Mama ta shigo Sabon Gari tana amarya. Daga baya kakata ta rasu, gidan ƙauye ya watse, kajin can suka ƙare. Sai ya zama abin da ya rage wa Mama na uwarta mai numfashi, kajin nan ne kawai. Ko da Kirsimeti ba a yanka shazumama a gidanmu, sai dai a sayo ta kasuwa. Kuma ta sha faɗa cewa ranar da yayata za ta yi aure, ita ma da nata kwandon za ta fita.

Ni kuwa a lokacin ba abin da ke gabana sai aikin kammala karatu. Injin ƙyanƙyasar ƙwai na haɗa. Na sayi mataccen firji a hannun 'yan gwangwan, na yanke ƙofarsa na sa gilashi, na sa fitilu biyu don ɗumi, da 'yar fanka. A gefe na huda wata kafa da ake zura tiyo a zuba ruwa a faranti, don ciki ya riƙa samun danshi. Ƙwai suna kwance tsakanin sandunan ƙarfe, injin waifar mota, mai goge gilashi, yana jan sandunan su mirgina. Ga wanda bai taɓa kiwo ba, kaza in tana kwanci ba zama kawai take yi ba, juya ƙwan take da bakinta sau da yawa a rana. In ba a juya ba, ɗan tsakon sai ya manne a jikin ɓawo ya mutu a ciki. Kwana ashirin da ɗaya ake yi. Goma sha takwas na farko ana juyawa, ukun ƙarshe a ƙyale su.

Ƙwaƙwalwar injin wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba. A cikin kod ɗin na ware jerin gurabe ashirin da ɗaya, kowace rana da gurbinta. Lambar da ke cikin gurbin ita ce awa nawa injin zai jira kafin ya sake juya ƙwai, sifili kuma na nufin kada ya juya sam. To akwai wani umarni da ake kira memset, na saba gani ana share jeri da shi, a cika shi da sifili a layi ɗaya. Na gwada, ya yi. Sai na ce, tunda ya iya zuba sifili, ai ɗaya ma ba za ta gagare shi ba. Na sake kiran sa, na ce ya zuba ɗaya a gurabe goma sha takwas na farko, wato duk awa ɗaya a juya. Layi ɗaya tal. Har wani daɗi na ji a raina, wai ni na iya taƙaita aiki.

Abokina da muke ɗaki ɗaya Bazazzage ne, mutum marar hayaniya. Shi ainihin ilimin kwamfuta yake karanta, ni injiniyancin noma. Wata rana yana shan gari ya ce, "Kawo in leƙa maka kod ɗin nan mana."

Na ce, "Malam, ka tsaya kan allonku. Mu nan da ƙarfe muke aiki, abin da ido ke gani yana motsi."

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da shan garinsa.

Wutar unguwarmu a Samaru kuwa ba a magana. A rana sai a ɗauke a kawo sau shida, sau bakwai, wata rana fiye. Don haka na haɗa wa injin batirin mota, da an ɗauke wuta ya koma kan batir da kansa, sai dai yakan ɗan mutu na ƙiftawar ido ya farfaɗo. Lissafin kwanaki ba ya ɓace masa, don akwai ɗan agogo mai batirin kansa. Na kuma tsara shi duk lokacin da ya tashi, in dai ranar juyi ce, ya fara da juya ƙwai sau ɗaya. Kullum cikin tsine wa masu wuta nake. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Na yi gwajin farko da ƙwai talatin. Ashirin da biyar suka ƙyanƙyashe. Jama'a, ku zo ku ga rawar kai! Ba dandalin da ban sa hoton tsakin nan ba. Malamina ya jinjina mini, mutanen layinmu suka fara kira na Injiniya, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi har da gyaran murya.

Ba a yi wata guda ba ciwon kaji ya shigo Muchia. Cikin kwana biyar ya share kajin Mama kaf, kaji shida da zakaransu. Da ta kira ni a waya ban gane muryarta ba.

"Auta, sun ƙare."

"Su wa, Mama?"

"Kajin uwata. Ko ɗaya bai rage ba. Sai ƙwai ashirin da biyu da na tara a ƙwarya."

Ranar Asabar na lodo firjina a a-daidaita na nufi gida kamar wanda zai je ceton gari. Na tarar da Mama ta yi tagumi a bakin ƙofa, maƙwabciyarmu na zaune kusa da ita. Ita wannan Bayarabiya ce mai sayar da manja, haifaffiyar Sabon Gari, tana jin Hausa kamar jakin Kano, bakinta kuma ba linzami. Ashe har sun gama shawara. Ƙanwar maƙwabciyar a Dogarawa tana da kazar da ta fara kwanci, ciwon bai kai can ba. Za a kai mata ƙwai goma ta rufe, sauran in sa a injina.

"A raba ƙafa, Injiniya," in ji ta. "Kazar nan sau huɗu tana kwanci, ba ta taɓa ba da kunya ba."

Wallahi ji na yi kamar ta mare ni. Na ce haba, a wannan zamanin? Kazar da za ta tashi ta tafi tone-tone ta bar ƙwai su yi sanyi? Kazar da muzuru zai iya ɗaukewa? Na zaro waya na nuna musu hoton tsakina ashirin da biyar. Na yi ta zuba, har da Turanci, ina kawo ma'aunin zafi da na danshi, abubuwan da na san ba su da amsar su.

Mama ta dube ni ta daɗe. "Auta, ka tabbata? Ka san ba ni da wasu."

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Ki ba ni duka."

Ta dubi ƙwaryar, ta dubi maƙwabciyarta, sannan ta ce a hankali, "To. Kai ka yi karatu."

Maƙwabciyar ta ja tsaki ta gyara ɗaurin zaninta.

Na girke injin a ɗakin ɗinkin Mama, dab da kekenta. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta sa wa Mama sola mai manyan batura saboda aikin ɗinki, wutar ɗakin ba ta taɓa ƙiftawa. Na ce madalla, yau injina ya huta da wulaƙancin masu wuta. Kafin in jera ƙwan, Mama ta ɗauko gawayi ta yi wa kowanne ɗan zane a gefe ɗaya, wai haka uwarta ke yi don ta san waɗanda kaza ta juya. Na yi dariya na ƙyale ta. Na kunna, injin ya yi ƙara, ƙwai suka mirgina. Sai na kafa mata doka da yatsa a sama: ruwa kawai za ta riƙa zubawa ta tiyo, ƙofar nan ko da wasa kada ta buɗe, in ta buɗe ɗumi zai fita ƙwai su lalace.

Ranar Talata ta kira ni ina hanyar shiga aji.

"Auta, ƙwan nan ba sa juyawa."

"Suna juyawa, Mama. Duk awa ɗaya."

"Zanen gawayin yana nan inda yake tun Asabar."

"Ai in ya juya sau biyu zai dawo inda yake. Daidai lokacin da ya dawo kike dubawa."

"Ni da nake wuni a gabansa? Jiya awa uku ina tsintar wake a wajen, idona a kai. Ko motsi."

Na ce mata injin ba shi da ƙara sosai, ƙarar kekenta ce ke danne shi. Na ma manta ta ce wake take tsinta. Na kashe waya ina ce wa abokina tsofaffi sai haƙuri.

Da ta sake kira ranar Alhamis, sai na fusata na hau mota na je. Na tarar da maƙwabciyar a ɗakin, alamar an kira ta shaida. Na duba zafi, daidai. Na duba danshi, daidai. Na ce, "Ku matso ku gani da idonku." Na kunna kyamarar waya don in samu abin sakawa a dandali, na kashe injin na sake kunnawa. Nan take ya yi ƙara, ƙwai ashirin da biyu suka mirgina gaba ɗaya, zanen gawayi ya koma ƙasa.

"Kun gani? Mama, don Allah ki daina tayar mini da hankali, ina da jarrabawa. Abin da ba ki sani ba ki bar wa waɗanda suka sani."

Haka na faɗa wa uwar da ta haife ni, a gaban baƙuwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri." Ita ce ma ta ba ni haƙuri! Har ta ƙulla mini dambu a leda na tafi da shi.

Ba ta sake kira na kan maganar ba sai Litinin ta mako na gaba da wancan, kwana goma sha shida da sa ƙwan. Muryarta da ɗan farin ciki.

"Auta, ya juya! Yanzun nan, ana fara labarun ƙarfe tara a rediyo. Na gan shi da idona."

Na ce, "To ba na faɗa miki ba?" Ko a jikina. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mace mai wuni a gaban abu take murna don ta gan shi ya motsa sau ɗaya ba.

Ranar Asabar ta ƙyanƙyasa na iso tun da hantsi, da sabuwar riga. Na lura yatsan Mama na nuni a ɗaure yake da ƙyalle, na tambaya, ta ce aikin ɗinki ne. Muka zauna muna kallon gilashi. Wajen azahar ƙwai ɗaya ya tsage, sai na biyu, sai na uku, duk a jere a gefen dama. Kafin yamma tsaki uku suka fito, jiƙe sharkaf, suna layi. Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Ubangiji. Ni kuwa na ce wannan somin taɓi ne, sauran na tafe.

Lahadi muka je coci muka dawo, shiru. Na manna kunne a jikin firjin, ba abin da nake ji sai fanka. Na kira abokina na ce ya zo gobe da kwamfutarsa, ina zargin ma'aunin zafin ne ya yi mini ƙarya.

Litinin da safe, kwana ashirin da uku, Mama ta ce, "Yanzu zan iya buɗewa?" Na gyaɗa kai. Ta kwashe ƙwai goma sha tara a ƙwaryar da suka zo a ciki, ta fita tsakar gida ta tsuguna a bakin rariya. Ta ɗauki na farko ta kai kunne, ta girgiza a hankali, ta fasa.

Wayyo Allah. Tsako ne a ciki, da baki da ƙafafu, ya manne a gefe ɗaya na ɓawon ya bushe a wajen. Ta fasa na biyu, haka. Na uku ko rabi bai kai ba ya tsaya. Wasu har gashi ya fito musu. Wari ya cika gidan. Maƙwabciyar ta leƙo ta katanga, ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku!" Mama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Fasawa kawai take tana jera su a ƙasa, a hankali, kamar mai gudun kada ta ji musu ciwo. Ni kuwa na jingina da bango. Ba ƙwai marasa zakara ba ne. Duk sun ɗauki rai, a cikin injina suka mutu.

Ana cikin haka abokina ya yi sallama. Ya ga abin da ke ƙasa, ya wuce ɗakin ɗinki ya jona kwamfutarsa da ɗan allon. Bai yi minti biyar yana karanta kod ɗin ba ya tsaya cak.

"Kai. Zo nan. Mene ne wannan?"

"Memset ne. Na zuba ɗaya a gurabun."

"Ka taɓa sa shi ya nuna maka abin da ke cikin gurabun?"

"Me zan gani? Ɗaya na zuba."

Ya rubuta wani ɗan layi, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Lambobi suka gangaro. 257. 257. 257. Har sau goma sha takwas, sannan sifili uku.

Na ce, "Kwamfutarka ta samu matsala."

"Wallahi lafiyarta ƙalau." Ya cire hularsa ya ajiye a kan keken Mama. "Saurara. A wannan allon, kowace lamba gida biyu take ci a ƙwaƙwalwa, bayit biyu. Ka ɗauke ta kamar ɗaki ciki da falo. Abin da ke falo ana ƙirga shi yadda yake, abin da ke uwar ɗaki kuwa kowane ɗaya ɗari biyu da hamsin da shida ne. Shi memset bai san lamba ba, ɗakuna kawai ya sani. Ka ce ya zuba ɗaya, sai ya bi ƙofa-ƙofa, ya sa ɗaya a falo, ya sa ɗaya a uwar ɗaki. Haɗa ka gani."

Na ce, "Amma da sifili ya yi daidai."

"Sifili a falo, sifili a ciki, ai sifili ne. Shi ya yaudare ka. Ka ma gode wa Allah ƙaramin allo ne. Da a kwamfutata ce mai gida huɗu, abin da za ka samu ya haura miliyan goma sha shida."

Wato ni da hannuna na umarci injin ya riƙa juya ƙwai duk bayan awa ɗari biyu da hamsin da bakwai. Amma taurin kai bai sake ni ba, na ce ba zai yiwu ba, ai Mama da kanta ta gan shi ya juya.

"Yaushe?"

"Litinin da ta wuce, ƙarfe tara na safe."

"Yaushe ka kunna shi na ƙarshe?"

Na buɗo bidiyon fankamar da na ɗauka ranar Alhamis. Ƙarfe huɗu na yamma. Abokina ya ƙirga da yatsu: kwana goma ya kai mu Lahadi ƙarfe huɗu, awa ɗari biyu da arba'in ke nan, saura goma sha bakwai. Ya ɗago ya dube ni. Litinin, ƙarfe tara na safe. Ko minti bai kuskure ba. Cikin kwana goma sha takwas, sau uku kacal injina ya juya ƙwan nan, biyu daga ciki ma don ina tsaye a kansa ne na kunna shi.

Na riƙe kaina da hannu biyu. "To Samaru fa? Ashirin da biyar cikin talatin! Da wannan kod ɗin!"

Ya kalli soket ɗin bango. Can sai ya ce, "Innalillahi. Sau nawa ake ɗauke mana wuta a rana?"

Kafin ya rufe baki na gane. Duk ɗaukewa injin ya mutu ya tashi ya juya ƙwai, duk kawowa ya sake. Masu wutar da nake tsine wa safe da yamma, su suka ƙyanƙyashe mini tsakin da na yi ta baza hotonsu. Kallon kitse na yi wa rogo, na kuma ja kowa ya taya ni. Da na kawo injin inda wuta ba ta yankewa, sai ya zauna yana bin umarnina sak.

Ban san Mama da maƙwabciyar suna tsaye a bakin ƙofa ba. Abokina ya nuna kwalin da tsakin nan uku ke ciki ya ce, "Abin da ban gane ba, waɗannan ta yaya suka tsira?"

Maƙwabciyar ta ce, "Tambayi yatsan uwarsa."

Mama ta harare ta, amma ina, bakin ya riga ya buɗe.

"Tun ranar da ka zo ka yi mana wa'azi ka tafi, matar nan take cire tiyo ta zura yatsa ta kafar ruwan nan tana juya ƙwai. Safe, rana, yamma, har in ta tashi yin addu'a. Na ce ta buɗe ƙofar ta juya su duka, ta ƙi. Kwance ki nuna masa!"

Na kama hannun Mama na kwance ƙyallen da kaina. Kafar nan da almakashin ƙarfe na yanke ta, ban ko goge bakinta ba. Yatsan duk ya sassaɓe tun daga farce har gaɓa ta biyu, wani ciwon ya bushe, wani ɗanye. Na tsuguna na leƙa ta kafar. Gurbin ƙwai uku ne a kusa da ita, a gefen dama.

"Iya inda yatsana ya kai ke nan," in ji ta. "Na yi ta miƙawa ko zan taɓa na huɗun, ya ƙi."

"Mama, me ya sa ba ki buɗe ƙofar ba? Kin ga ba sa juyawa! Kin sani!"

"Ka ce in na buɗe za su lalace. Na ce ko akwai abin da ka sani wanda ban sani ba." Ta karɓi ƙyallenta tana mayarwa. "Kai ka yi karatu, Auta."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatsen ne, da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gabanta, ƙaton saurayi da gemu, na fashe da kuka a gaban abokina da maƙwabciya. Ita ce kuma ta dafa kaina tana cewa ya isa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Gyaran kod ɗin bai ɗauki abokina minti biyu ba. Layi uku ne, a bi gurabun ɗaya bayan ɗaya a sa wa kowanne lambarsa. Ƙarin layi biyun da na yi wa ƙyashi ke nan. Ni na haƙa rami a bayan gida na binne goma sha taran, ban bar kowa ya taya ni ba.

Cikin tsakin uku ɗaya ya mutu a kwana na huɗu. Biyun suka rayu, duk mata. Da suka isa, sai da aka aro zakara daga Dogarawa, daga gidan nan da na raina kazarsu. Shi ya sa har yau in kajin Mama suka ƙyanƙyashe, wasu su fito da murɗaɗɗen gashin kakata, wasu su biyo uba. Bayan shekara biyu yayata ta yi aure, ta fita da kwandonta a cinya. Ni na ɗauko mata shi har mota, maƙwabciyarmu tana bayana tana cewa, "Riƙe da kyau, Injiniya, wannan ba kwamfuta ba ce."

Yanzu rubuta kod ne sana'ata, kuma an san ni a wurin aiki da naci. Ba na yarda da lambar da na zuba sai na sa na'ura ta nuna mini ita ido da ido. Abin da ya yi aiki sau ɗaya kuma, sai na tambaya me ya sa ya yi. Amma wannan ƙaramin darasi ne, kowane littafi zai koya maka. Wanda ke hana ni sukuni shi ne, tun ranar Talatar farko an gano matsalar. Mace mai gawayi da ido biyu ta gano ta, ta kira ni sau biyu, a lokacin da ƙwai ashirin da biyu duk suna da rai. Abin da kawai ake buƙata shi ne in ja kujera in zauna kusa da ita awa ɗaya. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Ni biyu na raina, layi ɗaya na kod da maganar uwata.

Ɗalibin jiya na mayar masa da amsa. Na ce memset ɗin nan da ka zuba ɗaya da shi, sa kwamfutar ta nuna maka abin da ke ciki kafin ka ci gaba. Ya turo mini alamar mamaki kusan goma, ya ce dama ƙanwarsa ta ce sakamakon bai yi kama da daidai ba, amma ita ba ta san kwamfuta ba. Na ce maza je ka ba ta haƙuri.

Mama tana nan tana ɗinki, ko da yake ido ya fara rauni. In na je gida takan miƙo mini allura in zura mata zare. Duk lokacin da ta miƙo hannun, sai na ga tabon a yatsanta, fari-fari, daga farce zuwa gaɓa ta biyu. Ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ne dai har yau in na karɓi allurar, sai na yi sau uku ban samu kafar ba.